Masar ko Zanzibar: Wace Ta Fi Dacewa da Ma'aurata Masu Tattalin Kuɗi Daga Kano?

Tun bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk mai shirin fita waje daga Kano ya san lissafin tafiya ya canja, domin kuɗin da a da zai kai mutum biyu ya dawo da su, yanzu da ƙyar yake ɗaukar mutum ɗaya. Duk da haka ba a rasa ma'aurata, musamman matasan ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda ke tara kuɗi sannu a hankali domin su fita mako ɗaya ko kwana goma su huta. Abin da yawancinsu ke nema abu biyu ne, wato birni mai tarihi da za a zaga a buɗe ido, da kuma bakin teku, wanda mutumin Kano ba ya gani sai ya yi tafiyar kilomita kusan 1,000 zuwa Legas. Turai ta yi tsada kuma bizarta wuya gare ta, Dubai kuwa gari ne da ke cinye kuɗi tun kafin mutum ya ankara. Wurare biyu da suka fi shiga zancen masu irin wannan niyya su ne Masar da tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, kuma dukkansu suna da birni, suna da teku, mafi yawan mutanensu Musulmi ne. A nawa ganin, ga waɗanda wannan ne fitarsu ta farko kuma aljihunsu yana da iyaka, Masar ce ta fi sauƙin ɗauka, amma akwai irin ma'auratan da za su yi da-na-sani idan suka zaɓe ta, kuma dalilan hakan ne ya kamata a bi dalla-dalla.

Mafi girman kason kuɗin irin wannan tafiya yana ƙarewa ne tun mutum bai bar Kano ba, a kan tikitin jirgi da biza, saboda haka daga nan ya dace a fara awo. Kamfanin EgyptAir yana tashi kai tsaye daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa Alƙahira, kuma tafiyar ba ta wuce kimanin awa biyar ba. Wannan ba ƙaramar falala ba ce, domin ma'auratan ba su da buƙatar biyan jirgin cikin gida zuwa Abuja ko Legas, ba su da kuɗin kwana a hanya, kuma idan uwargida ba ta taɓa hawa jirgi ba, ba za a fara mata da sauka a baƙon fili ana neman ƙofar wani jirgin da tsakar dare ba. Zanzibar kuwa babu jirgin da ke zuwa can kai tsaye daga Kano. Hanya mafi sauƙi ita ce ta kamfanin Ethiopian Airlines, wanda ke ɗauka daga Kano zuwa Adis Ababa, a jira, sannan a hau wani jirgin zuwa filin jirgin saman Abeid Amani Karume da ke tsibirin. Idan aka haɗa da jiran, tafiyar kan cinye mafi yawan yini, wani lokaci har da dare, zuwa da dawowa. Ga wanda hutun kwana bakwai kawai ya samu a wurin aiki, kwana biyu sun riga sun tafi a hanya, kuma a yawancin lokuta tikitin ma ya fi na Alƙahira tsada.

Batun biza shi ne inda mutane suka fi yin kuskure game da Zanzibar. Sau da yawa ana jin Turawa da wasu 'yan Afirka suna cewa a filin jirgi ake buga musu bizar Tanzaniya, sai mutum ya ɗauka shi ma haka za a yi masa. Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a wurin sauka, sai an nema tun daga gida ta intanet, an aika da takardun ga hukumar shige da fice ta ƙasar ta duba ta amince, kuma wannan yana iya ɗaukar makonni da yawa. Ƙari a kan haka, tun daga ranar 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorar gwamnatinta a kan dalar Amurka 44, ko da kuwa yana da wata inshorar, wato dala 88 ke nan ga miji da mata tun ba su sha ko ruwa ba. Masar ma tana buƙatar ɗan Nijeriya ya nemi biza kafin ya tashi, kuma ofishin jakadancinta yana Abuja, sai dai hanya ce da Kanawa suka daɗe suna bi saboda karatu da neman lafiya da kasuwanci, don haka kamfanonin shirya tafiye-tafiye na cikin gari sun san takardun da ake nema ciki da bai. Dokokin biza suna canjawa, don haka wajibi ne a tabbatar da halin da ake ciki a lokacin tafiyar. Abin da ba ya canjawa shi ne fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, kuma a riƙe katin shaidar rigakafin cutar shawara, domin ƙasashen biyu duk suna iya tambayarsa ga wanda ya fito daga Nijeriya.

Idan aka zo maganar birni, gaskiya ba a haɗa Alƙahira da babban garin Zanzibar a ma'auni ɗaya. Alƙahira gari ne da ma'aurata za su yi kwana biyar suna fita tun safe ba su maimaita wuri ba. A tsohon garin kaɗai akwai masallacin Azhar, wanda aka fara gininsa a shekarar 970, kuma da an tsallaka titi sai masallacin Sayyidina Husaini da kasuwar Khan Khalili mai lunguna cike da turare da fitilu da kayan tagulla da abayoyi. Akwai masallacin Ibn Tulun da aka kammala a 879, wanda har yanzu yana nan da siffarsa ta asali da hasumiyarsa mai matakala ta waje, akwai ganuwar Salahuddin a kan tudu inda ake hango garin gaba ɗaya, akwai masallacin Amru ɗan Asi wanda shi ne na farko da aka gina a ƙasar, sannan akwai ƙubbar Imam Shafi'i, wanda ya rasu a Masar a shekarar 820. Ga wanda ya yi karatun Islamiyya ko na zaure, waɗannan sunaye ne da ya taso yana ji a bakin malamai, kuma mafi yawan masallatan nan ba a biyan ko sisi wajen shiga. Wuraren da ke cin kuɗi su ne dalolin Fir'auna na Giza da gidajen adana kayan tarihi, inda farashin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, kuma da yawansu yanzu ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati. Wannan yana nufin sai an tanadi katin banki mai aiki a waje tun daga Kano, domin dala a aljihu ba za ta buɗe wa mutum ƙofar ba.

Rayuwar yau da kullum a Alƙahira tana da araha ga mai riƙe da dala, musamman tun watan Maris na 2024 da aka karya darajar fam ɗin Masar daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya. Abincin talakan gari mai ƙosarwa ne, kamar koshari, wanda haɗin shinkafa ne da taliya da ƙananan wake da soyayyar albasa da miyar tumatir, da ful na dafaffen wake da ake ci da gurasa da safe, da ta'amiyya da ake soyawa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na garin, wanda ya fara aiki a 1987 kuma shi ne na farko a Afirka, yana kai mutum wurare da yawa da ɗan kuɗi kaɗan, kuma yana da taragu na mata zalla. Manhajar Uber tana aiki, abin da ke raba baƙo da gardamar masu tasi. Akwai kuma ɗaliban Nijeriya da yawa, Hausawa a cikinsu, a unguwanni irin su Madinatu Nasar, kuma samun ɗaya daga cikinsu ya yi wa mutum jagora ko ya taimaka wajen kama gida mai kayan ɗaki na mako guda yana rage kashe kuɗi matuƙa. Aibin garin shi ne hayaniya da cunkoso da naci. Masu raƙuma a Giza da masu shaguna a Khan Khalili sukan faɗi farashin da ya ninka na gaskiya, kuma kusan kowane ɗan taimako ana jiran a ba da tukuicinsa. Wanda ya saba ciniki a Kurmi ba zai sha mamaki ba, amma mai saurin fushi ko mai jin kunyar cewa a'a zai gaji, kuma zai biya fiye da kima.

Tsohon garin Zanzibar, wanda ake kira Stone Town kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, ƙarami ne, kuma kwana biyu sun isa a zaga shi da ƙafa. Kyansa yana cikin ƙananan lungunansa da ƙofofin katako masu sassaƙa da gine-ginen da suka haɗa salon Larabawan Oman da Indiyawa da Suwahilawa, domin a 1840 Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa tsibirin, kuma cinikin kanumfari da hauren giwa da bayi ne ya gina garin. An rufe kasuwar bayin a 1873, aka gina majami'a a wurin, kuma har yanzu ana shiga a ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da abin tunawa da aka kafa. Da yamma lambun Forodhani da ke bakin ruwa yakan cika da masu gasa kifi da jatan lande da masu matse ruwan rake, ko da yake farashin can na baƙi ne, kuma wanda ke son abinci mai sauƙi sai ya nufi wajen kasuwar Darajani inda 'yan gari ke cin shinkafar pilau da biriyani. Garin yana da natsuwa, kiran salla na tashi daga kowace kusurwa, kuma matan gari da hijabi da baƙar abaya suke yawo, don haka macen Kano ba za ta ji ta fita daban ba. Sai dai bayan an ga garin, an je gonakin kanumfari da kirfa da masoro, an hau kwalekwale zuwa tsibirin Changuu a ga manyan kunkurai, abin kallo na birni ya ƙare.

A kan teku ne lissafin ke juyewa. Zanzibar tsibiri ne, kuma daga tsohon garin zuwa Nungwi da Kendwa a arewa, ko Paje da Jambiani a gabas, tafiyar awa ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi a mota, ko kuma a ƙananan motocin haya da ake kira dala-dala ga mai son ragi kuma mai haƙurin matsatsi. Yashin fari ne tas, ruwan kuma garai-garai, ana ganin ƙasansa. Akwai wani bambanci da ya kamata a sani kafin a kama masauki. A gaɓar gabas ruwa yakan janye ya yi nisa sosai sau biyu a yini, har a ga matan ƙauye suna aikin noman ciyawar teku a inda ɗazu ruwa yake, don haka ba kowane lokaci ake samun wanka ba, amma ga ma'auratan da ba su iya iyo ba, abin da suke so shi ne tafiya a cikin ruwa iya idon sawu suna hira, wannan ya fi musu aminci, kuma masaukan can sun fi araha. A arewa ruwan ba ya janyewa haka, ana iya shiga kowane lokaci, sai dai can ne ya fi cunkoson baƙi da kiɗa da tsada.

Masar tana da teku biyu, kuma kowanne da nasa sharaɗin. Iskandariyya tana bakin Bahar Rum, kimanin kilomita 220 daga Alƙahira, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku a jirgin ƙasa ko a mota. Gari ne mai daɗin yawo a gefen ruwa da yamma, da ganuwar Ƙaitbay da aka fara ginawa a 1477 a inda tsohuwar hasumiyar jiragen ruwa take, da babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, da masallacin Abul Abbas Mursi, wanda kusa da shi akwai masallacin da ake dangantawa da Imam Busiri, mai yabon Manzon Allah da Kanawa suka sani. Iyalan Masarawa ne ke cika bakin ruwan, mata da yawa da cikakkiyar suturarsu suke shiga, kuma kifi yana da araha. Amma tekun birni ne, mai cunkoso a lokacin zafi, mai sanyi da iska a lokacin hunturu, ba irin wanda ake gani a hotuna ba. Irin wancan yana Bahar Maliya, a garuruwan Hurgada da Sharm el-Shek da Dahab, inda ake hawa jirgin ruwa mai gilashi a ƙasa a kalli kifaye masu launi a tsakanin duwatsun murjani. Hurgada tana da nisan fiye da kilomita 450 daga Alƙahira, wato awa biyar zuwa shida a bas. Otal-otal ɗin can sukan haɗa kuɗin ɗaki da abincin yini gaba ɗaya a farashi ɗaya, kuma a lokacin da baƙi suka ragu wannan tsari yana iya zama mafi arahar hanyar kwana a bakin teku mai kyau, fiye da abin da za a samu a Zanzibar mai irin wannan daraja.

A nan akwai maganar da ba a cika faɗa wa ma'aurata ba, alhali ita ce ta fi ɓata tafiya. Kasancewar ƙasa ta Musulmi ba ya nufin bakin tekunta na yawon buɗe ido ya dace da tarbiyyar da aka taso a kanta. Manyan otal-otal na Bahar Maliya an gina su ne domin baƙin Turai da Rasha, akwai giya, akwai kiɗa da dare, akwai shigar wanka ta tsiraici, kuma wasunsu suna da ƙa'ida a kan irin kayan da ake shiga tafkin wanka da su, don haka ya kamata a rubuta musu a tambaya kafin a biya. Haka abin yake a Nungwi da Kendwa, duk da cewa da an taka ƙafa zuwa cikin ƙauyen sai a tarar da masallaci da makarantar allo. Bambancin shi ne a Zanzibar ana iya kauce wa wannan cikin sauƙi, ta hanyar kama ɗaki a ƙaramin masauki na 'yan gari a Jambiani ko makamancinsa, inda gaɓar take da tsawo kuma mutane ba su da yawa, alhali a Hurgada yawancin gaɓa mai kyau otal-otal ne suka killace ta, sai wanda ya biya yake shiga. Ma'auratan da tekun ne ainihin abin da ya fitar da su daga gida, kuma suke son uwargida ta sake ba tare da takura ba, su ne waɗanda za su yi da-na-sanin zaɓen Masar, kuma ya fi musu su ƙara wata biyu ko uku suna tari su tafi Zanzibar.

Lokacin tafiya ma yana taɓa aljihu. Zafin Alƙahira daga Yuni zuwa Agusta yana hana yawon rana, kuma mafi daɗin lokaci shi ne daga Oktoba zuwa Afrilu, sai dai ƙarshen Disamba farashin otal yana hawa, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu sai an riƙe rigar sanyi, musamman a Iskandariyya inda ake ruwan sama. A Zanzibar babbar damina tana sauka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da masaukai ke karya farashi sosai amma ruwa na iya tsare mutum a ɗaki, sannan daga Yuni zuwa Oktoba yanayi yana da kyau kuma kuɗi yana tashi. Wanda ya je Zanzibar cikin azumi zai tarar da yawancin gidajen abincin gari a rufe da rana, Alƙahira kuwa a watan Ramadan da dare take raye. Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Oktoban 2024 cewa Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, Zanzibar kuwa ya ragu ƙwarai amma bai ƙare ba, don haka a duba ko ɗakin yana da gidan sauro.

Akwai kuma mafita ta uku ga wanda biza ta gagara ko lokaci ya ƙure masa, ita ce Gana, inda ɗan Nijeriya ke shiga ba biza har kwana 90 bisa yarjejeniyar ECOWAS. A Akara ana jin Hausa a unguwannin Nima da Mamobi, kuma a wani gari can yamma da birnin akwai gidan bayi na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Sai dai tekun Atlantika yana da igiyar ruwa mai ja, ba wurin koyon wanka ba ne, masauki a Akara ba shi da araha, kuma sai an bi ta Abuja ko Legas.

Duk inda aka zaɓa, akwai tsarin kashe kuɗi da ke kare mutum daga asara. A riƙe takardar shaidar aure, musamman idan sunan ƙarshe na miji da na mata bai zo ɗaya a fasfo ba, domin wasu otal-otal a Masar suna tambayarta kafin su ba Musulmi biyu ɗaki ɗaya. Wajen sayen dala a Wapa, a nemi sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu, saboda 'yan canjin Zanzibar sukan ƙi tsofaffi ko su karya musu farashi, kuma takardar 100 da ta 50 sun fi ƙananan samun canji mai kyau. Ga Masar, kwana takwas sun isa a raba su biyar a Alƙahira uku a Iskandariyya, a bar Bahar Maliya sai idan kuɗi ya yi saura. Ga Zanzibar, a fara neman biza aƙalla wata biyu kafin ranar tashi, a kama masaukin da ake iya sokewa ba tare da tara ba, kuma kada a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai amincewar hukumar shige da fice ta Tanzaniya ta iso hannu.